Tsakanin gatari da tubali: ina raƙuman dawan Kure za su dosa?

Raƙuman dawan da suka rage na irin Afirka ta Yamma, dukansu cikin ƙasar Nijar suke. A shekara ta 1996 guda 49 kaɗai aka ƙidaya, yau kuwa sun haura 600. Sai dai yayin da garken ke ƙaruwa, dajin da yake ci yana raguwa, domin birnin Yamai na neman itacen girki, yana neman gonaki, yana kuma neman filayen gini. Doka ta hana a taɓa dabbar, amma ƙasar da dabbar ke tsaye bisanta ana sayar da ita kaɗan kaɗan, kuma masu sayen galibi ƴan kasuwa ne da ma'aikata.

Abin da matafiyi ke gani bisa hanyar Doso

Duk ɗan kasuwar Maraɗi, Damagaram ko Tawa da ya taɓa sauke kaya a Yamai ya san babbar hanya mai lamba 1. Wanda ya fita daga birnin ya nufi gabas, da ya wuce filin jirgin sama, zai riƙa ganin turakun siminti an kakkafa cikin saura, da katangu waɗanda babu ɗaki ko ɗaya cikinsu, da garake kewaye da waya. Wuraren nan a da jeji ne na geza da sabara. Bayan tafiyar kilomita wajen 60 sai a iso Kure, inda mai sa'a kan hangi dogon wuya ya zarce kan itatuwa, wani lokaci ma dab da kwalta.

Raƙuman ba su daɗe ƙwarai a wannan wuri ba. A farkon ƙarni na 20 irinsu ya bazu tun daga Senegal har bakin tafkin Cadi. Farauta da fari da faɗaɗar gonaki suka cinye su ƙasa bayan ƙasa, har ya zamana saura kaɗan ne a arewacin Tillaberi, wajen Ayoru da iyakar Mali. Bayan babban farin shekara ta 1984 ne suka gangaro kudu, suka samu mazauni tsakanin tudun Kure da kwarin Dallol Boso. Zabarmawa manoma da Fulani makiyaya na yankin ba su da al'adar farautarsu, wannan kuwa shi ya cece su.

Ko a nan ma sun sha wuya. Cikin shekara ta 1996, zamanin mulkin Ibrahim Ba'are Mainasara, an tura a kamo wasu domin a ba da su kyauta ga shugabannin ƙasashe maƙwabta, da dama kuma suka mutu wajen kamun. A wannan shekara ce ƙidaya ta nuna 49. Daga nan aka farga. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga watan Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji, ta sa raƙumin dawa cikin jerin dabbobin da aka haramta kashewa kwata-kwata. Ƙungiyar kare raƙuman dawan Nijar, wato ASGN, ta shiga ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan basussuka domin mutane su ga ranar zama da dabbar. Samarin yankin suka kafa ƙungiyar masu yi ma baƙi jagora. Garken ya farfaɗo, duk da cewa raƙumar dawa sai ta yi wata wajen 15 da ciki kafin ta haifi ɗa guda. A shekara ta 2018 hukumar duniya mai lura da halittun da ke cikin haɗari, IUCN, ta sassauta matsayin da ta ba su tun 2008, saboda yawansu ya ƙaru.

Akwai abin da ya sa garken nan ya fi ƙarfin a yi wasa da shi. An daɗe ana zaton raƙuman dawan da ke wasu gidajen namun daji na Turai irin na Nijar ne. Binciken jini da aka wallafa a shekara ta 2007 ya nuna cewa waɗancan irin na Kordofan ne, na wajen Cadi da Kamaru. Ke nan babu wani garken ajiya a wata ƙasa. In na Nijar suka ƙare, irin ya ƙare a duniya.

Dajin da ke shayar da kansa

Raƙumin dawa ba ya kiwon ciyawa kamar saniya, ganye yake ci, kuma babba kan ci kilo 30 ko fiye a yini. Saboda haka rayuwarsa na rataye ga icce. Da damina garken kan hau tudun Kure da na Fandu, ya ci ganyen geza da taramniya da ƙayoyi iri iri. Da rani, idan tudu ya bushe, sai ya sauko Dallol Boso, wajen Harikanasu, inda gawo yake. Kowane manomi ya san halin gawo: yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani lokacin da sauran itatuwa suka zama ƙirare. Wannan hawa da sauka tsakanin tudu da kwari shi ne dukan dabarar rayuwar raƙuman. In aka sare ɗaya daga cikin wuraren biyu, ko aka tare hanyar da ke tsakaninsu, ɗayan ba zai ishe su ba.

Dajin tudun kuwa yana da wani tsari nasa na dabam. Wanda ya dube shi daga jirgin sama zai ga layi layi ne: ga kurmi mai duhu, ga faƙo fari fat, ga wani kurmin, kamar zanen jikin dabba. Masana na ORSTOM sun daɗe suna nazarinsa a wajen Banizumbu. Abin da suka gano shi ne faƙon nan ba banza yake ba. Ruwan sama ba ya shiga cikinsa, sai ya gangara a hankali ya taru a gindin kurmin da ke ƙasa da shi, ta haka itatuwan ke samun ruwan da ya fi wanda sama ta zubo musu kai tsaye. Faƙo ke shayar da kurmi, kurmi kuma ke tare ruwa.

Idan aka sare kurmin, babu abin da zai tsai da ruwan. Sai ya kwashe ƴar ƙasar da ke bisa marmara, ya haƙa kwazazzabai, ya tafi da yashi ya binne gonakin da ke gangare. Tudun da aka yi ma haka ba ya komawa daji da kansa, ko da an bar shi shekaru, sai an zo da ma'aikata an haƙa ramuka masu siffar rabin wata an sake dasawa, aikin da ke cin kuɗi da gumi. Gonar da aka yi a wurin ma ba ta daɗewa tana bayarwa, domin ƙasar ba ta da zurfi. Mai gona ya ci shekara kaɗan, sai ya matsa gaba ya sake sassabe.

Darasin gandun da ya kewaye Yamai

Mai son sanin yadda daji ke zama unguwa ba sai ya je nesa ba. Tun shekara ta 1965 hukuma ta fara dasa wani gandun itatuwa a gefen Yamai, mafi yawansu bedi, domin ya tare ma birnin iska da ƙura. An yi kusan shekara 30 ana aikin, da kuɗin ƙasa da na masu ba da agaji, har gandun ya kai tsawon kilomita wajen 25 da faɗin kilomita ɗaya, sama da hekta 2000. Lokacin da aka fara shi, gandun bayan gari yake.

Amma garin bai tsaya ba. Yamai da ba ta wuce mutum dubu 30 da ƴan kai ba lokacin samun mulkin kai, ta kusa dubu 400 a ƙidayar 1988, ta haura dubu 700 a ta 2001, ta wuce miliyan ɗaya a ta 2012. Gandun da aka dasa domin ya kewaye birni, sai ga birni ya kewaye shi. Waɗanda yunwa ta koro daga ƙauye suka kafa bukkoki cikinsa. Magadan gonakin da aka dasa itatuwan a kansu suka tashi suna cewa ba a biya iyayensu diyya ba, saboda haka ƙasar tasu ce, wasu kuma suka sayar. Aka yanka filaye, aka gina gidaje da shaguna da gidajen mai, wani wurin kuma ya zama juji. Tun wajen shekara ta 2011 ana ƙiyasta cewa kusan rabin gandun ya tafi. An sha korar masu bukkoki, amma gidan siminti mai takarda ya fi bukka wuyar tayarwa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ke jikin gandun Yamai ita ce maganar diyya da ba a kashe ba tun farko. Hukuma ta dasa icce bisa ƙasar da ba ta gama mallaka ba, ta bar gardama tana jiran ranar da ƙasar za ta yi tsada. Da ranar ta zo, icce ne ya biya.

Ita kanta hukumar ta ƙara ma wutar itace. A farkon shekarun 2000, da gwamnati ta rasa kuɗin biyan bashin albashin da ma'aikata ke binta, sai ta biya wani kashi da filaye. Ma'aikaci da ya yi watanni babu albashi ba za a ga laifinsa ba don ya karɓa, da yawa ma sun sayar nan take ga ƴan kasuwa domin su biya nasu basussukan. Amma tun daga nan kowa ya gane cewa fili kuɗi ne da ake bugawa ba tare da banki ba. Ma'aikatun magajin gari suka riƙa yanka loti domin cike gibin kasafinsu, masu zaman kansu su ma suka shiga sana'ar. Ɗan kasuwar da ya ga yadda darajar sefa ta faɗi da rabi cikin dare ɗaya a watan Janairu 1994 ya riga ya san cewa fili ba ya ruɓa, ba ya kuma jin karyewar kuɗi. Wannan yunwar filaye ce ta fita daga birni take bin kwalta.

Yadda daji ke zama fili

Ba da rana ɗaya ake cinye daji ba, kuma ba mutum ɗaya ke cinye shi ba. Mai gatari ke fara shiga. Mafi yawan gidajen Yamai da itace suke girki, kuma tuddan da ke gabas da kudancin birnin na cikin wuraren da amalanke da manyan motoci ke ɗebowa. Dokar shekara ta 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, domin ƙauye ya riƙa sara bisa ƙa'ida, kashi kashi, yana barin wani ɓangare ya huta, yana kuma samun rabonsa na haraji. Inda aka bi tsarin ya yi amfani. Inda jami'in gandun daji ɗaya ke da ƙauyuka da yawa babu abin hawa, gatari ya fi ƙa'ida sauri.

Bayan mai gatari sai mai gona. Iyali sun yi yawa, gonar gado ba ta isa, saurar da a da ake bari ta huta shekaru yanzu ana nome ta kowace damina, sai a hau tudu a sassabe. Bayan mai gona sai mai saye. Wata shekara damina ta ƙi, ko aure ya taso, ko rashin lafiya, ga kuma wani alhaji ko wani babban ma'aikaci daga Yamai da kuɗi a hannu. A kira shaidu, mai gari ya sa hannu, a ba da takardar shaidar saye. Sabon mai wurin ya kewaye shi da waya ko katanga, ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro, ko kuwa ya bar shi haka nan yana jiran gari ya iso. Daga ƙarshe sai masu awon ƙasa su zo da turakunsu, a tumɓuke abin da ya rage, a yanka fili fili.

Abin lura a nan shi ne kowane mataki ƙarami ne, kuma kusan kowanne yana da takardarsa. Tun shekara ta 1997 dokar ƙasar nan ta wajabta a binciki illar da babban aiki zai yi ma muhalli kafin a fara shi, an kuma sabunta wannan doka a 2018. To amma dokar an yi ta ne domin madatsar ruwa da ma'adinai da manyan hanyoyi. Cinikin hekta 2 a nan, hekta 5 a can, babu mai kiran masana su duba shi. Sai an tara ɗaruruwan irin wannan ciniki sannan a ga cewa hanyar da raƙuma ke bi daga tudu zuwa kwari ta zama waya bayan waya. Raƙumin dawa kuwa, duk tsawon ƙafarsa, ba gwanin tsallake shinge ba ne.

Manyan ayyukan ma ba su bar yankin ba. Kwaltar Doso ta ratsa tsakiyar mazaunin raƙuman, kuma an sha samun mota ta buge su. Cikin watan Afrilu 2014 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140, wadda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kusa da kwaltar. An share daji, an yi tudun ƙasa, an ɗora ƙarfe, aka yi bikin buɗewa a watan Janairu 2016. Rigimar shari'a a ƙasar Benin ta hana a haɗa hanyar da Paraku da Kwatano, jirgin kuwa bai shiga jigilar kasuwanci ba. Itatuwan da aka sare sun tafi, amfanin da aka sare su dominsa bai zo ba.

Kariyar takarda

Shekaru da yawa raƙuman Kure sun rayu bisa ƙasar da ba gandun hukuma ba ce irin gandun W, inda aka hana zama da noma tun 1954. Gonaki ne na gado da makiyaya da ƙauyuka, ko da yake an lissafa yankin cikin kewayen babban gandun W da UNESCO ta amince da shi, kwarin Dallol Boso kuma ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2004. Wasu na ganin maganin abin shi ne a shata iyaka, a buga doka, shi ke nan. Tarihin ƙasar nan ya nuna cewa wannan kaɗai ba ya isa.

Gandun namun daji na Tamu, kudu da Say, an kafa shi a shekara ta 1962 domin ya zama garkuwa ga gandun W. Bayan farin 1973 da 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta cire kusan rabinsa a 1976, wato yankin Ayinoma, domin a noma abinci. Niyyar mai kyau ce, mutane na cikin yunwa. Amma cikin waɗanda suka samu manyan gonaki a can har da ƴan kasuwa da manyan ma'aikata na Yamai, dajin kuwa bai dawo ba. A gabashin ƙasa, gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012 domin kare namun hamada, an sake masa iyaka a 2019 saboda wuraren haƙar man fetur. Abin da sa hannu ɗaya ya bayar, wani sa hannun na iya karɓewa, muddin wurin ya yi daraja kuma babu mutanen da ke ganin asararsa asararsu ce.

Manomi ma yana da nasa kuka

Ba daidai ba ne a ɗora ma talakan Kure laifin duka. Raƙumin dawa ba ya cin hatsi a tsaye, amma yana son wake, yana cin harawar da aka ajiye, yana kuma miƙa wuya cikin garka ya tsinke mangwaro. Manomin da aka yi ma ɓarna cikin dare ba shi da ikon ɗaga ko sanda mai kaifi, domin doka na bayan dabbar. Abin da ya sa ya haƙura shekara da shekaru shi ne ɗan abin da ke shigowa: kuɗin da baƙi ke biya wanda ake ba ƙananan hukumomi wani kashi, aikin jagora ga samari, rijiya, bashin mata na kiwo da ƙaramar sana'a.

Ranar 9 ga watan Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a yankin: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban masu jagoran baƙi, ƴan Nijar su biyu. Hukuma ta rufe wurin ga masu ziyara, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ɓarnar wake ba ta tsaya ba, kuɗin da ke sa a jure ta ne ya tsaya. Mutumin da ke cikin wannan hali, in mai saye ya zo masa da miliyan a hannu, da wace hujja za a ce masa kada ya sayar?

Masu kula da raƙuman sun san haɗarin tara dukiya wuri ɗaya. Shi ya sa a watan Nuwamba 2018 ma'aikatar muhalli, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, ta ɗauki raƙuma 8 cikin manyan motoci, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji, arewa da Dakoro cikin jahar Maraɗi. Gandun, mai faɗin hekta dubu 76, an kafa shi tun 1955, kuma raƙuman dawa sun ɓace daga cikinsa kusan shekara 50 kafin nan. An ƙara kai wasu 4 a 2022, kuma sun fara haihuwa a can. Aiki ne mai kyau, amma guda 12 aka iya ɗauka cikin tafiya biyu. Sauran ɗaruruwan dole su rayu inda suke.

Abin da Maraɗi da Damagaram suka riga suka gwada

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga maganar kare icce. Ana ba da labarin cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, cikin ƙarni na 19, wanda ya sare gawo hukunci mai tsanani ke jiransa. A Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a watan Mayu 1984. Ranar 3 ga watan Agusta, ranar samun mulkin kai, an daɗe da mai da ita ranar dashen itatuwa. Sai dai abin da ya fi dukan waɗannan tasiri bai fito daga bariki ba.

Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a ƙone kututture a share gona ƙal, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi da suka fito daga tsohon gindi, a gyara su, a bar su su girma. Dabarar ta bazu har Damagaram da Tawa. Masana sun ƙiyasta cewa ta kai hekta wajen miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200. Wanda ya bi hanyar Matamai da Magarya ya ga gawo cikin gonaki ya san ba labari ba ne. Abin da ya sa ta yi nasara shi ne manomi ya daina ganin icce a matsayin kayan jami'in gandun daji wanda zai jawo masa tara, ya fara ganinsa a matsayin nasa. Dokar karkara ta 1993 da dokar dazuzzuka ta 2004 sun buɗe hanya, wata dokar ta 2020 kuma ta tabbatar ma manomi haƙƙinsa bisa iccen da ya raina a gonarsa.

Darasin a fili yake. Inda mutum ke da riba cikin tsayuwar icce, iccen na tsayawa ko babu mai gadi. Inda ribarsa ke cikin faɗuwarsa, ko soja aka sa sai ya faɗi.

Abin da ya rage a yi

Kayan aikin suna nan cikin dokokin da ake da su. Hukumomin kula da filaye na karkara, waɗanda dokar 1993 ta kafa, sun san yadda ake shata burtali a kafa masa alamu domin kada gona ta cinye shi, kuma dokar makiyaya ta 2010 ta ƙarfafa wannan. Hanyoyin da raƙuma ke bi tsakanin tudun Kure da Dallol Boso sanannu ne ga masu jagora da makiyaya. Ana iya shata su kamar burtali, a rubuta, a hana waya da katanga cikinsu, shanun Fulani ma su amfana. In za a hana wani mai gado sayar da ƙasarsa ko sassabe ta, to a biya shi diyya tun yanzu, a rubuce, kada a maimaita kuskuren gandun Yamai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hakanan kafin a amince da kowane sabon loti a bakin wannan hanya, ya kamata a duba shi haɗe da waɗanda suka riga shi, domin illar tana cikin jimla. Samar da iskar gas cikin farashin da talaka zai iya, ita ma hanya ce ta rage ma tudun nauyin tukwanen Yamai.

Sauran aikin na hannun mai saye. Ba laifi ba ne ma'aikaci ya nemi inda zai kafa ma iyalinsa rufin asiri kafin ya yi ritaya, ba kuma laifi ba ne ɗan kasuwa ya adana dukiyarsa. Amma kafin ya ƙirga kuɗi yana iya zuwa wajen hukumar filaye ta gunduma da ofishin gandun daji ya tambaya: wurin nan gona ce ta gado, ko makiyaya ce, ko gandun hukuma, ko hanyar dabbobi? Takardar mai gari kaɗai ba ta mai da gandu ko burtali mallakar mutum, kuma wanda ya gina a irin wannan wuri yana iya wayar gari cikin shari'a da ba ta ƙarewa, ko ya ga an rushe abin da ya tara shekaru yana ginawa. Wanda ya riga ya saya kuwa, ba dole ne ya share wurin ƙal ba tun bai tashi gini ba. Gawo ko aduwar da ya tarar a ciki sun yi shekaru da yawa kafin su kai haka, kuma inuwarsu na ƙara ma filin daraja.

Nijar ta yi abin da ƙasashe da yawa masu arziki fiye da ita suka kasa: ta ɗauki dabbar da ta rage 49 ta mai da ita ɗaruruwa, ba tare da ta kori mutum ko ɗaya daga ƙauyensa ba. Wancan aikin na hana kisa ne, kuma an ci nasararsa. Wanda ke gaba na hana ƙasa ƙarewa ne, shi kuwa a ofisoshin magajin gari da zaurukan masu gari da teburan masu awon ƙasa za a yi shi, duk ranar da aka kawo wata takardar ciniki domin a sa mata hannu. Allah ya ba masu sa hannun ikon dubawa kafin su sa.